Tsarabar da Ardo Hamadu Ya Aika Gidan Zu

Ƙarfe bakwai da kwata na safe ne, wata Laraba a tsakiyar damina, al'amarin ya fara karkacewa, kuma har yau da na yi ritaya wannan safiya ba ta fita daga raina ba. Ina tsaye a bakin wata makarantar firamare a yankin Jajaye ina shigar da yara mota, sai na hango Ardo Hamadu yana tahowa ta hanyar rafi, rungume da kwando an rufe shi da tsohon zane.

Tunda ku sababbi ne a aikin koyarwa, bari in fara da yadda aka yi na je can. A ƙarshen shekarun 1980 ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai. A wancan zamani ba a ba ɗaliba shaidar malanta sai an tura ta wata makaranta ta yi koyarwar gwaji na zango guda. Hedimastan makarantar shi ne ubangidanta a wurin, lokaci lokaci kuma malami daga kwaleji zai zo ya zauna a bayan aji yana kallon yadda take koyarwa. Ni 'yar Ƙaraye ce, sai aka tura ni ƙasar Rogo don in kasance kusa da gida. Ba ni da yawan magana. A kwaleji Saude mai littafi ake ce mini, domin in ba a aji nake ba to ina ɗakin karatu. Idan babba ya yi mini tambaya, sai na gama shirya amsar a zuciyata in tarar an wuce wurin.

Hedimasta, Malam Sabo, ya ba ni darasin kimiyya a aji shida. Rabin ajin 'ya'yan makiyaya ne, rabi 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa. Waɗannan yara sun fi ni sanin saniya nesa ba kusa ba, amma da muka zo kan namun daji sai na ga zaki da giwa a wurinsu sunaye ne kawai na cikin tatsuniya. Wani ma ya rantse mini cewa raƙumin dawa ƙaryar masu zanen littafi ce. Daga nan ne na samu ƙarfin hali na ce wa Malam Sabo me zai hana mu kai su gidan zu na Kano, wato gidan ajiye namun daji, wanda gwamnati ta buɗe tun ina ƙarama.

Tafiya da ɗalibai tana da ƙa'ida. Sai an nemi izini daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a sanar da wurin da za a ziyarta su sa rana, sannan a samu amincewar iyaye. Biyun farko ba su ba mu wahala ba. Na ukun ne ya tsaya, musamman ga 'yan mata na rugage, waɗanda iyayensu ba su ga dalilin kai yaro birni don ya kalli kura ba. Ardo Hamadu ne ya warware mana. Shi ne babban Fulanin yankin, dattijo siriri mai farin gemu, kuma yana cikin kwamitin iyayen yara. Ya bi ruga ruga da sandarsa, ya ce jikarsa Hajara za ta je, duk wanda ya amince masa da shanunsa ya amince masa da 'yarsa ta wuni ɗaya. In ba don shi ba, da rabin motar nan wayam za ta tafi.

To shi ne ya iso da kwando. Muka gaisa, ya tambayi kwanan mutanen gidan da aka sauke ni, ya tambayi labarin Ƙaraye, sannan ya ajiye kwandon a gaban Malam Sabo.

Ya ce, "Malam, ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Kwana biyu ina tunanin abin da za ku kai musu. Na ce zabi, na ce man shanu, sai na ga mutanen da ke kiwon zaki me za su yi da zabo? Yau da asuba zan fitar da shanu, sai Allah ya kawo tsarabar da kansa."

Ya yaye zanen. 'Yar barewa ce, ba ta fi ɗan akuyar da aka haifa jiya girma ba, ja-ja da ita, da baƙin layi a gefen ciki. Ta naɗe ƙafafunta, ta kwantar da kai, idanunta kaɗai ke motsi. Na durƙusa na duba ta da kyau, na ga ko cibiyarta ba ta gama faɗuwa ba.

Ardo ya ce, "Ita kaɗai na tarar cikin ciyawa, ba uwa ba kowa. Ko motsi ba ta yi ba da na ɗauke ta, ko kuka. Marainiya ce. A can za ta samu masu riƙe ta."

Malam Sabo ya yi ta godiya, yara suka yi ta leƙe ta tagogin mota. Ardo ya miƙa wa Hajara ɗan gora na madarar da aka tatso da safen, ya ce ta riƙa ba ta a hanya. Ya tsaya a bakin titi har muka sha kwana.

Direbanmu Ɗanliti mutum ne mai barkwanci. Ba mu kai Ƙaraye ba ya dubi madubi ya ce, "Malama, in mutanen birni suka ce ba sa so, kada ki damu. Ina da tukunya a gida, uwargida kuma tana da yaji."

'Yan matan suka taso masa da hayaniya. Hajara ta ce, "Allah ya kiyaye, Baba Ɗanliti! Kai ko tausayi ba ka ji?"

"Ina ji mana. Shi ya sa zan sa mata albasa da yawa."

Aka yi dariya, ni kuwa hankalina yana kan kwandon. Mun gwada ba ta madarar, Hajara tana tsoma yatsa tana kai mata baki kamar yadda suke yi wa maraƙin da uwarsa ta mutu, amma ta ƙi buɗe baki. Duk ramin da mota ta faɗa sai jikinta ya ɗauki rawa. Na sa aka mai da zanen aka rufe ta, na ɗora kwandon a cinyata har Kano.

Da hantsi muka isa. Jami'in da aka ba aikin karɓarmu, Malam Yusha'u, yana jiranmu a bakin ƙofa cikin kaki. Shi ne mai kula da lafiyar dabbobi da kuma waɗanda ake kawowa daga waje. Yara suka yi layi, Malam Sabo ya gyara hula ya yi ɗan jawabi, ya ce mutanen Jajaye suna gaisuwa, ga kuma saƙo daga Ardonsu. Na miƙa kwandon.

Malam Yusha'u ya ɗaga zanen. Bai nuna fushi ba, amma murmushin da ya tarbe mu da shi ya tafi. Ya sa wani ma'aikaci ya fara zagawa da yaran, mu kuma ya ce mu biyo shi. Ya kai mu wani ɗaki mai sanyi a bayan ofis, ya wanke hannu, ya fito da ita a hankali ya ɗora a kan buhu.

Ya ce, "Yaushe aka same ta?"

Malam Sabo ya ce, "Ai kwanan nan ne."

"An ga gawar uwar? An ga jini a wurin? Kuka take yi tana yawo, ko kwance take?"

Malam Sabo ya juyo ya dube ni. Na faɗi abin da Ardo ya faɗa yadda ya faɗe shi: yau da asuba, cikin ciyawa, ita kaɗai, ba ta motsa ba, ba ta yi kuka ba, kuma tun daga gida ba ta sha komai ba.

Ya taɓa cikinta da yatsu biyu, ya duba idonta da bakinta, ya shafa bayanta. Ya ce, "Malama, matso ki taɓa nan." Na taɓa. "Ba ta sha komai a hannunku ba, amma kin ji cikin bai faɗa ba. Dubi jikinta, tas, an lashe shi. Wannan ba marainiya ba ce. Uwarta ta shayar da ita kafin gari ya waye."

Ya yi mana bayani. Barewa ba ta yawo da jaririnta a kwanakin farko kamar yadda saniya ke yi. Tana ɓoye shi cikin ciyawa ta tafi kiwo nesa, don kada ta ja hankalin dila ko kare zuwa wurin, sai ta riƙa dawowa tana shayar da shi. Shi kuma an halicce shi ya lafe, ko an zo kansa ba zai motsa ba. Mutumin kirki sai ya gan shi ya ɗauka yasasshe ne.

"Yanzu haka," in ji shi, "tana can tana zagaya wurin."

Malam Sabo ya ce, "Ikon Allah. To amma tunda an riga an kawo, ai sai ku riƙe ta. Nan ne gidan irinsu."

Malam Yusha'u ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, da marainiyar gaske ce da na karɓa, in yi iyakar ƙoƙarina. Amma gaskiya zan faɗa maka. Masu ƙanƙantar wannan ba su cika rayuwa a hannunmu ba. Madarar saniya ba ta karɓe su, sai gudawa, ga tsoro, ga ƙin cin abinci. Na sha kwana a kansu su mutu ina kallo. Wannan kuwa tana da uwa. In aka mai da ita daidai inda aka ɗauke ta yau kafin rana ta faɗi, akwai kyakkyawan zato uwar za ta karɓe ta. In aka ƙara kwana, uwar za ta iya haƙura ta bar wurin."

"A mai da ita?" Malam Sabo ya cire hula ya sake sawa. "Malam, ba ka san wanda ya ba da ita ba. Dattijo ne, a gaban jama'a ya bayar. Shi ya tara mana yaran nan. In koma in ce masa ga kyautarka an ce ba a so? Ka taimake ni, ka karɓa kawai. Abin da ya faru bayan mun tafi, tsakaninka da Allah."

"Na fahimce ka. Amma ka duba wani abu. Idan na karɓa na yi godiya, labari zai koma ƙauye cewa gidan zu yana son 'ya'yan barewa. Makarantar da za ta zo bayanku za ta kawo biyu. Wanda bai samu a kwance ba zai harbe uwa ya ɗauko ɗa. Mu aikinmu a nan shi ne kada su ƙare a daji, ba mu kwaso su daga dajin ba."

Malam Sabo ya dubi 'yar barewar. Can ya ce, "Yaushe ya kamata mu tashi?"

"Da kun yi azahar."

An bar ta a ɗakin, an rufe ƙofa don kada hayaniya ta dame ta, muka fita muka tarar da yara. Ba zan ce muku na more kallon ba, amma yaran sun more. Sun tsaya gaban raƙumin dawa baki buɗe, wanda ya ce ƙarya ce ya ɓuya a bayan abokansa. 'Ya'yan rugage kuwa da idon makiyayi suke kallon komai. Ɗaya ya tambaya ta ina ake tatsar ta, wani ya ce giwar nan in ta shiga gonar dawa sai dai mai gona ya yi hijira. Kura ce ta ba su kunya. Sun saba jin kukanta daga nesa, sai ga ta kwance a inuwa tana hamma, Hajara ta ce, "Malama, wai wannan ce ake tsorata mu da ita?" Da zaki ya yi gurnani sau ɗaya, layin da na sha wahalar shiryawa ya watse.

Malam Yusha'u ya kai mu wani ɓangare da ba a cika kai baƙi ba, inda ake keɓe sababbin zuwa har likita ya tabbatar ba su da cuta. A nan muka ga gauraki da aka ƙwace daga hannun masu fataucinsu, an fige musu fukafukai, ana jira su tsiro. Akwai wani biri da igiya ta ci masa ƙugu a hannun masu wasa da shi a kasuwa, da mikiya mai karyayyen fiffike. Ya gaya wa yaran inda aka samo kowanne, da wanda ake sa ran saki, da wanda ba zai iya komawa daji ba har abada. Sannan ya tambaye su, a cikinsu wa kakansa ya taɓa ba shi labarin jimina a dajinsu. Hannaye suka tashi. Ya ce wa ya taɓa ganinta a can da idonsa. Babu ko ɗaya.

Mun yi wa yaran alkawarin hawa dutsen Dala da yamma. Da Malam Sabo ya ce an fasa, za a koma gida saboda barewa, sai gunaguni ya tashi, wasu har da hawaye. Malam Yusha'u ya rako mu bakin mota da kwandon, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ciki. Ni ya fuskanta da bayanin, wataƙila don ya ga ni ce mai riƙe magana. A ajiye ta daidai gurbin da aka ɗauke ta, ba kusa da shi ba. Kada a tsaya a kanta. A kau da shanu da karnuka daga wurin. Mai son ya duba ya yi nesa, ya zauna ta inda iska ba za ta kai warinsa ba. Ya ce kuma in gaida Ardo, in ce masa an ga karamcinsa.

Muka kama hanya har muka wuce Ƙaraye. Sannan Malam Sabo ya juyo daga kujerar gaba ya yi ƙasa da murya.

"Malama Saude, ke za ki kai masa."

Na ce, "Ni, Malam?"

"Ke. Ni da Ardo shekaru muke tare, kusan sa'annin juna ne. In daga bakina ta fito, ta zama hedimasta ya mayar wa Ardo kyauta, maganar manya ke nan, ba ta mutuwa. Ke kuwa 'ya ce. Abin da 'ya ta faɗa wa uba, ko ya yi zafi, ba raini ba ne."

Ɗanliti ya ce, "Wato an samu wadda za a tura ramin kura."

"Kai dai ka kula da tuƙinka," in ji Malam Sabo.

La'asar ta yi sosai lokacin da muka sauka. Ni da Hajara muka kama hanyar ruga, tana gaba ina biye da kwandon. Tun daga mota nake jera kalmomi a zuciyata, amma da muka fito fili sai na ga ba yadda na zata ba ne. Ardo ba shi kaɗai ba ne. Yana zaune a kan buzu a gindin wata ɗorawa, tare da wasu dattawa da suka zo hira bayan salla. Ba yadda zan yi in juya, sun riga sun gan mu.

Na cire takalmi, na durƙusa daga gefe, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ardo ya amsa da fara'a, ya tambayi hanya, ya tambayi birni. Sai idonsa ya sauka a kan kwandon.

Ya ce, "Malama, mene ne wannan?"

Na ce, "Baffa, saƙonka ne. Sun gani, sun ce a gaishe ka, sun ga karamci."

"Sun gani suka dawo da shi? Ta yi musu ƙanƙanta ne?"

Wani daga cikin dattawan, mai jan rawani, ya yi tsaki. "Na gaya maka, Ardo. Mutanen birni ba su san girman kyauta ba. Da rago ka aika da tuni sun soke shi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma kwandon yana gabana, ina ganin zanen yana ɗagawa yana sauka da numfashinta, rana kuma tana gangarawa. Na sunkuyar da kai na yi magana da tabarma. Na ce ba marainiya ba ce. Na ce likitan ya taɓa cikinta ya ji nonon asuba, ni ma na taɓa. Na faɗi yadda barewa ke ɓoye ɗanta, na faɗi cewa a can madarar saniya za ta iya kashe ta, a nan kuwa uwarta tana nemanta. Tun da nake ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gaban maza manya ba.

Da na gama na ɗan ɗago kai. Na ce, "Baffa, kai kaɗai ka san inda ka ɗauke ta. In ba a wurin aka ajiye ta ba, uwar ba za ta same ta ba. Don Allah, a ina ne?"

Ardo ya dubi kwandon. Ya ɗauki carbinsa ya ja, ya ajiye. Mai jan rawani ya ce wani abu da Fulatanci, sauran suka yi 'yar dariya, shi bai yi ba. Na sake cewa, "Baffa, rana tana faɗuwa."

Sai ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya sunkuya ya ɗauki kwandon. Na tashi zan bi shi, ya ɗaga mini hannu.

"Koma gida, Malama. Kin gaji."

Na bi shi da sauran bayanin da sauri, na gurbi, na karnuka, na iska. Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Na ji," ya shige cikin gero.

Washegari na zo makaranta da wuri na tsare Hajara. Ta ce kakanta ya dawo bayan magariba da kwando babu komai, bai ce wa kowa uffan ba, ba wanda kuma ya isa ya tambaye shi. Haka kwanaki suka yi ta wucewa. Yaran rugage ba su daina zuwa ba, wannan ya kwantar wa Malam Sabo hankali, amma Ardo, wanda ba ya wuce ƙofar makaranta bai leƙo ya gaishe mu ba, ya ɗauke ƙafa. A kasuwar Rogo na ji ana cewa ai yanka ta ya yi don haushi. Wata mata ta ce a'a, ya bai wa wani maharbi. Na tambayi Malam Sabo ko in je in ji, ya ce in bar dattijo ya huce. Malamin kwaleji ya zo ya duba darasina ya tafi, aka yi jarrabawa, ni dai kullum na dubi hanyar rafi sai in tuna da ita.

Abin da nake so ku riƙe, ku da za a tura ƙauyuka, shi ne malami a irin wuraren nan ba aji kaɗai yake riƙe ba. Yana tsaye ne tsakanin mutanen ofis da mutanen gari, kowane ɓangare da gaskiyarsa, kuma sau da yawa shi za a ba saƙon da ba mai son kaiwa. Malam Yusha'u bai yi kuskure ba da ya ƙi karɓa, Ardo bai yi mugunta ba da ya ɗauko, Malam Sabo kuma ya san mutanensa da ya zaɓi bakin da maganar za ta fito. Tun daga lokacin, duk tafiyar da na shirya wa ɗalibai sai na zauna da iyaye tukuna, na gaya musu abin da masu masaukinmu ke yi da abin da zai faranta musu, domin mutanenmu ba za su taɓa yarda yaransu su je baƙunta ba tsaraba ba. Na kuma koyi cewa dattijo yana da lokacin amsarsa, kuma ba lokacinka ba ne.

Ranar da zangon ya ƙare na haɗa kayana. Al'ada ce ɗaliba ta zaga ta yi sallama da manyan gari kafin ta tafi, ba kuma yadda za a yi in tsallake Ardo. Na same shi da hantsi shi kaɗai a bakin garke yana murza igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce na gama, gobe zan koma Ƙaraye, a yafe mini abin da na yi ba daidai ba. Ya sa mini albarka, ya ce Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya kira matarsa ta kawo mini nono a ƙwarya. Na sha, na yi godiya, na kai hannu ga takalmina. Sai na ga in na tafi haka zan tafi da tambayar har iyakar rayuwata.

Na ce, "Baffa, barewar nan fa?"

Ya ci gaba da murza igiyarsa har na ɗauka bai ji ba. Sannan ya ajiye ta a kan gwiwa.

"Washegarin ranar nan da asuba na koma, na tarar da gurbin babu kowa. Na bi sawu. Biyu ne, babba da ƙarami, sun gangara rafi. Makon jiya na gan su da idona, tana tsalle a bayan uwar kamar ba ita ce ta je Kano a mota ba." Ya ɗago ya dube ni. "In kin shiga birni, ki gaya wa mutumin nan na gidan zu barewarsa tana nan lafiya. Ni abin da na bayar na bayar, ba ya dawowa hannuna. Kiwo ya ba ni, kamar yadda mutanen garinku ke ba ni shanunsu. Na kuma gaya wa duk maharban ƙasar nan cewa tana da mai ita."